Hoton kan Auta ya fito tas, amma muryoyin suna nan

Ranar da muka karɓo sakamakon MRI ɗin Auta ni ce na riƙo ambulan ɗin tun daga asibiti har gida, irin babbar nan mai ruwan ƙasa da ba ta shiga jaka, ina cikin adaidaita ina kare ta daga iska kamar wata jinjira. Muna shiga Kawu ya karɓa, ya zaro fim ɗin ya ɗaga saitin taga yana ƙanƙance ido alhali ni da shi duk ba mu san gabas ba mu san yamma a jiki ba, sai ya ce in karanta takardar da ke haɗe. Layi biyu ne kacal, ma'anarsu dai ba a ga komai ba, ƙwaƙwalwa lafiya lau. Kawu ya ajiye fim ɗin a kan kujera ya ce, "To Hajiya kin ji ko? Ni dama tun farko na faɗa, wannan ba ciwon asibiti ba ne." Umma ba ta ce uffan ba. Sarƙarta ta gwal ta sayar aka yi hoton nan.

Auta ƙanena ne, shekararsa 22 lokacin da abin ya fara, yana aji uku a jami'a. Da farko dai rufe ɗaki ne da rashin wanka, muka ce ko karatu ne ya yi masa yawa, sai ya liƙe kyamarar wayarsa da salatif, sai ya daina zama idan Umma ta kunna rediyo wai mai karanta labarai da shi yake. Wata rana da daddare ya same ni a kicin ya ce, "Yaya, don Allah ke ba kya jin su?" Na ce su wa? Ya ce maza ne su biyu, ba sa yi masa magana kai tsaye, hirarsa suke yi tsakaninsu, ga shi nan ya tashi, ga shi nan zai sha ruwa, dube shi kamar mutumin kirki. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, kuma ni ba na raina addu'a ko kaɗan, har yau muna yi. Amma wata takwas muka ɓata kafin muka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, shi ne ya kira sunan ciwon, sikizofireniya, sunan da sai da na ce ya rubuta min a bayan kati.

Da muka koma da sakamakon na tambayi likitan kai tsaye, na ce Likita in ciwon ƙwaƙwalwa ne me ya sa bai fito a hoton ƙwaƙwalwa ba? Ya ce, "Malama, ai dama ba don mu ga ciwon muka ce a yi ba, don mu tabbatar ba wani abu daban ba ne, kamar ƙari ko kumburi ko tabon wani rauni." Ya ce shi wannan ciwon da hira da tarihi da lura ake gane shi. Layi ya yi tsawo a waje, ba halin dogon bayani. Na fito ban gamsu ba gaskiya, kuma wannan rashin gamsuwar ce ta cinye min data da barci na kusan shekara, ina bin abin da masu bincike suka gani da suka leƙa kan masu irin ciwon Auta.

Abin da ya fara ba ni mamaki, ashe Turawan ma sun daɗe a irin rikicin da muke yi a falonmu. Wani likita Bajamushe, Emil Kraepelin, tun wajen 1890 da wani abu ya ware ciwon ya ce lallai daga ƙwaƙwalwa yake, sannan Eugen Bleuler ɗan Suwizalan ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu a 1908. To amma shekara da shekaru ana yanka ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu ana dubawa a madubin likita ba a ga wani takamaiman abu ba, har wani likitan jijiyoyi a Amurka, Fred Plum, ya ce a 1972 wannan ciwon maƙabartar masu binciken ƙwaƙwalwa ce, duk wanda ya shiga, aikinsa ya mutu a nan. Da aka rasa abin kamawa sai aka koma kan iyaye mata. A 1948 wata likita, Frieda Fromm-Reichmann, ta kawo maganar cewa uwa mai sanyin hali da danniya ita ke haukata ɗanta, kuma aka yi shekaru ana koyar da haka. Da na karanta wannan Umma na tuna, yadda take zama bayan sallar asuba tana lissafa abin da ta yi wa Auta ba daidai ba tun yana goye. An daɗe da yin watsi da wannan zancen, kuma hotunan ƙwaƙwalwa na cikin abin da ya binne shi.

1976 ne abin ya juya. A asibitin Northwick Park da ke gefen Landan, Eve Johnstone da Tim Crow da abokan aikinsu suka sa marasa lafiya 17 da suka daɗe a kwance cikin sabuwar na'urar ɗaukar hoton cikin kai da ake kira CT, wadda lokacin ko shekara biyar ba ta cika yi a asibitoci ba. A tsakiyar ƙwaƙwalwar kowa akwai wasu ramuka da ruwa ke zama a ciki, to sai suka ga na marasa lafiyar sun fi na masu lafiya faɗi. Rami ya faɗaɗa, ma'ana naman da ke kewaye da shi ya ɗan ragu ke nan. Mutum 17 ba yawa, kuma an yi ta musu, wasu suka ce ai daɗewa a asibiti ne da magani, amma ƙofa ta riga ta buɗu.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na tagwaye. A 1990 masu bincike a cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, su Richard Suddath da Daniel Weinberger da Fuller Torrey, suka nemo tagwaye masu kama ɗaya sak har gida 15, irin Hassan na da ciwon Husaini ba shi da shi, suka yi musu MRI. A gida 14 cikin 15, wani ɓangare da ake kira hifokamfus, mai aikin ajiye tunani, na ɓarin hagu ya fi ƙanƙanta a kan mai ciwon, ramukan ruwan nan kuma sun fi girma. Jini ɗaya, nono ɗaya, gida ɗaya, amma kai ya bambanta. Sai dai ku lura da abin da ni ma sai daga baya na lura, sun gane ne saboda akwai Husaini a gefe da za a gwada da shi. Da Hassan kaɗai aka miƙa wa likita hotonsa, akasari cewa zai yi lafiya lau. Auta kuwa ba shi da Husaini.

Yanzu an wuce zancen mutum 17. Akwai wata gamayyar masu bincike da ake kira ENIGMA da ke tattara hotuna daga ƙasashe da yawa, a 2016 suka fitar da na marasa lafiya 2,028 da masu lafiya 2,540 daga cibiyoyi 15, suka tabbatar hifokamfus da wasu sassan can ciki sun ɗan ƙanƙance, ramukan ruwa sun ɗan faɗaɗa. A 2018 suka sake da mutum sama da 9,000, suka ga ɓawon ƙwaƙwalwa ya ɗan fi siranta, musamman ta goshi da ta wajen kunne. Kalmar "ɗan" ɗin nan da nake ta maimaitawa ita ce duk labarin. In ka tara maza dubu da mata dubu ka auna, maza sun fi tsawo, wannan ba musu, amma in na ce maka ga wani mutum a bayan labule tsawonsa kaza, ba lallai ka iya rantsuwa namiji ne ko mace ba. To bambancin ƙwaƙwalwar nan ko kusa bai kai na tsawon maza da mata ba, yawancin masu ciwon awonsu na cikin na sauran jama'a. Shi ya sa har yau babu wata ƙasa a duniya, har Amurka da Ingila masu na'urori birjik, da ake gane sikizofireniya da hoto. Takardar da Kawu ya kafa hujja da ita, irinta ce ake ba yawancin masu wannan ciwon a Landan ma.

Amma duk wannan zancen siffa ne, kamar ka ɗauki hoton gidan rediyo daga waje ka ce ginin lafiya lau, alhali abin da ake watsawa a ciki ne ya rikice. Ni muryoyin ne suka dame ni. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu ciwon suna jin su, kuma tambayar da na kasa yi wa Auta saboda kunya ita ce, wai da gaske ji yake, ko dai tunani ne yake kira ji?

A nan ne na zauna sosai. Akwai hotunan da ba siffa suke nunawa ba, aiki suke nunawa, inda jini ya fi kwarara a daidai wannan lokacin, don duk sashen da ke aiki jini yake ja. A 1993 Philip McGuire da abokansa a Landan suka ɗauki hoton wasu marasa lafiya lokacin da suke cikin jin muryoyi, suka sake ɗauka bayan muryoyin sun lafa, sai suka ga lokacin jin, jini ya ƙaru a wani wuri ta ɓarin hagu da ake kira yankin Broca. Abin mamakin, wannan wurin ba na sauraro ba ne, na ƙera magana ne, shi ke aiki in za ka yi magana ko kana zancen zuci. Sai a 1999 Thomas Dierks da tawagarsa a Farankfot ta Jamus suka sa mutum uku a MRI mai nuna aiki, aka ba kowa maɓalli, in murya ta fara ka danna, in ta yi shiru ka saki. Lokacin da suka danna, sashen da ke karɓar sauti daga kunne ya motsa, wurin da zai motsa in da gaske wani ya yi sallama a ƙofa. Ba kowane bincike na baya ne ya sake ganin wannan sashen daidai ba, kuma na'urar kanta ƙara ce da ita kamar injin markaɗe wanda hakan ma matsala ce ga mai binciken ji, amma da aka tattara bincike da yawa hoton da ya fito ɗaya ne, sassan magana da na ji suna aiki alhali ɗakin shiru.

Wallahi ranar da na fahimci wannan sai da na yi kuka, don na tuna sau nawa na ce masa, "Auta ka daina, babu kowa, kai ne kake sa wa ranka." Kamar ka ce wa mai ciwon haƙori ya daina sa wa ransa ne.

To in maganar daga cikinsa take, me ya sa yake jin ta kamar ta wani? Bayanin da ya fi shiga kaina na su Chris Frith ne a Ingila. Duk lokacin da za ka yi wani motsi ko magana, ƙwaƙwalwa na aika ɗan saƙo gaba zuwa sassan ji cewa ga abu nan tafe, namu ne, kar ku firgita. Shi ya sa ba ka iya yi wa kanka cakulkuli, gwada ka gani, hannunka ne kuma an riga an sanar. A 2000 Sarah-Jayne Blakemore tare da Frith suka gwada da ɗan soso a tafin hannu, masu lafiya suka ce in su suka shafa da kansu bai kai na wani ji ba, amma marasa lafiya masu jin muryoyi ko masu jin kamar wani ke sarrafa jikinsu suka ce duk ɗaya suke ji. Judith Ford a Kalifoniya ta auna irin wannan da wayoyin da ake liƙawa a fatar kai, mai lafiya in yana magana sashen jinsa na rage ƙarfi, a masu ciwon ragewar ba ta kai ba. Wato zancen zuci ne ya iso ba tare da ɗan aike ya riga shi ba, sai aka karɓe shi a matsayin baƙo. Tun wajen 1949 ma wani likita, Louis Gould, ya kanga na'urar ƙara sauti kusa da bakin wata mara lafiya ya ji tana raɗa ƙasa-ƙasa, abin da take raɗawa kuma shi ne abin da ta ce muryoyin na faɗa. Ban ce wannan ya warware komai ba, bai gaya min dalilin da ya sa na Auta su biyu ne ba, kuma maza, kuma masu baƙar magana. Amma ya fi duk abin da aka gaya min a falo ma'ana.

Wannan na baƙar maganar ma akwai wani abu a kai, ko da yake ba na hoto ba ne. Wata masaniyar al'adu a jami'ar Stanford, Tanya Luhrmann, ta yi hira da masu jin muryoyi 20 a Kalifoniya, 20 a Chennai ta Indiya, 20 a Akara ta Gana. Na Amurka suka fi ba da labarin muryoyi masu zagi da tsoratarwa, na Chennai da yawa 'yan uwa suke ji suna sa su aikin gida, na Akara da yawa suka ce muryar Ubangiji ce kuma ba duka ke cutar da su ba. Na'ura ɗaya ce ta lalace, amma abin da take faɗa da yaren gida take faɗa.

Sai maganar rediyo da mai karanta labarai. Nan kuma wani sinadari ne da ake kira dofamin, wanda ɗaya daga aikinsa shi ne ya ɗaga maka tuta cewa wannan abin muhimmi ne, kula da shi. Maganin farko na ciwon, wanda a nan aka fi sani da Largactil, a Paris aka fara ba masu taɓin hankali a 1952, ba tare da an san yadda yake aiki ba, sai daga baya aka gano hanyar dofamin yake tarewa. Wata babbar hujja daga kan rayayyen mutum kuwa ta zo a 1996, da Marc Laruelle da Anissa Abi-Dargham suka yi wa marasa lafiya allurar wani sinadari mai haskawa a na'ura, suka ba su ɗan amfetamin, wata ƙwaya mai sa dofamin ya fito, suka ga dofamin da ke fita a can tsakiyar ƙwaƙwalwarsu ya fi na masu lafiya yawa. Oliver Howes a Landan daga baya ya nuna da hoton PET, irin wanda ke bin sawun sinadarin da aka yi wa mutum allurarsa, cewa ƙera dofamin ɗin ma ya yi yawa, har a wasu tun kafin ciwon ya gama bayyana. Shitij Kapur ya haɗa zaren a 2003, ya ce in tutar nan na ɗaguwa ba dalili, sai komai ya zama alama, motar da ta tsaya a ƙofar gida, tarin maƙwabci, yadda mai labarai ya ja numfashi, shi kuma mutum dole ya nemo labarin da zai haɗa su, labarin da ya fi sauƙi kuwa shi ne ana bibiyata. Na tuna Auta yana ce min, "Yaya komai yana nufin wani abu, na gaji." Daidai abin da Kapur ya rubuta ke nan, daga bakin yaron da bai taɓa jin sunansa ba.

Hoton PET ɗin nan ya yi mana amfani ta wata hanya da ban zata ba. Watannin farko na magani Auta ya sandare, tafiya kamar an ɗaure masa kafaɗu, hannu na rawa, yawu na zuba, Kawu ya ce kun gani, sun mayar da yaro gunki. Ashe su Kapur sun auna tun 2000 a Toronto, maganin na fara aiki ne in ya tare kusan kashi 65 na wuraren da dofamin ke sauka, in ya haura wajen kashi 80 sai sandarewa ta shigo. Ɗan tsakanin nan ake nema. Ban je na yi wa likita lacca ba, na dai gaya masa abin da muke gani dalla-dalla, ya rage, daga baya ya canza wani, yaro ya saki. Don Allah in naku ya sandare ku koma ku faɗa, kar ku zubar da maganin a masai kamar yadda aka so mu yi. Akwai kuma wajen kashi ɗaya cikin uku da irin waɗannan magungunan ba sa yi musu aiki sosai, wani bincike a Landan a 2012 ya ga su dofamin ɗinsu bai ma hau ba, da alama ciwon nasu ta wata hanya ya biyo, su ne ake gwada wa wani magani mai suna kulozafin da ke buƙatar gwajin jini a kai a kai. Kuma ba zan ɓoye ba, Nancy Andreasen a Iowa ta bi marasa lafiya 211 shekaru da MRI, a 2011 suka ba da rahoton cewa waɗanda suka fi shan magani mai yawa sun fi rasa ɗan naman ƙwaƙwalwa. Ta yiwu maganin ne, ta yiwu kuma waɗanda ciwonsu ya fi tsanani ne ake ɗura wa da yawa, su kansu abin da suka ce shi ne a ba da mafi ƙarancin da zai yi aiki, ba a daina ba.

Abin da magani bai taɓa sosai ba shi ne mutuwar jikin. Muryoyi sun yi nisa, ya ce yanzu kamar rediyon maƙwabta ne, amma zai iya wuni a kan tabarma bai ce a ba shi ba bai ce a karɓa ba, fuska ba yabo ba fallasa. Wannan a gida sunansa lalaci. Tun 1974 David Ingvar da Göran Franzén a Suwidin suka ga jini bai cika kwarara ta goshin wasu da suka daɗe da ciwon ba, wurin da ke tsara abu da tayar da niyya, Weinberger kuma a 1986 ya ba su wasan rarraba kati yana aunawa ya ga goshin bai tashi aiki yadda na masu lafiya ke yi ba. Na yi ƙoƙarin yi wa Kawu wannan bayanin, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To 'yar boko, shi aljanin ba zai iya taɓa goshin ba ne?" Na yi dariya na ce Kawu wannan kuma ya fi ƙarfin na'ura. Amma shi ne yanzu yake tambaya ko an karɓo maganin wata, har ya kan ba da kuɗin mota.

Ambulan ɗin tana saman wardirof ɗin Umma ta yi ƙura. Jiya da yamma ina tsinke zogale Auta na gefe, sai na ce ya miƙo hannu, na ja masa ganye a tafi, ya janye. Na ce to yi wa kanka mu gani, akwai bambanci? Ya ja, ya sake ja, ya dube ni ya ce, "Yaya, ranar Laraba in za mu koma asibiti ke ma ki yanki kati." Umma daga ɗaki ta ce me ake yi wa dariya, ya ce ba komai Umma, Yaya ce.